Zogale, Zoɓo da Ɓawon Albasa: Me Za Su Tsinana wa Masu Kiwon Kaji a Lokacin Bazara?

BAUCHI — Daga watan Maris zuwa na Mayu na kowace shekara, sa'ad da zafin rana kan kusanci digiri 40 a birnin Bauchi da kewayensa, masu kiwon kaji kan shiga wani mawuyacin hali. Kaji sukan rage cin abinci, yawan ƙwai ya ja baya, ɓawonsa ya yi laushi, sa'an nan a riƙa tsintar matattu a ɗakunan kiwo da yamma. Alamun wannan hasara sukan bayyana a Kasuwar Muda Lawal, wadda ke cikin manyan kasuwannin birnin, kuma ta yi suna wajen kayan gwari, kayan marmari, hatsi da kaji.

A wannan kasuwa, kamar sauran takwarorinta na Arewa, ana kasa busasshen zogale, zoɓo, garin kuka, citta, tafarnuwa da kurkum. Tun fil azal abincin mutane ne da kayan yajinsu, to amma a 'yan shekarun nan ƙananan masu kiwo da dama sun shiga layin masu saye, suna jiƙa su a ruwan shan kaji ko su cuɗa su da dusa, da zimmar cewa za su taimaki kajin su jure zafi, su kuma daɗe suna amfani. Tsadar magunguna da sinadaran ƙarin abinci da ake shigowa da su daga waje, wadda ta tsananta bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar naira a shekarar 2023, ta ƙara wa wannan al'ada ƙarfi.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: shin kuɗin da ake kashewa a kan ganye da saiwa suna komowa da riba? Binciken masana na fiye da shekaru 20 ya nuna cewa akwai ƙamshin gaskiya a batun juriya, amma batun tsawon rai yana da sauran rina a kaba. Haka kuma, ko amfanin da aka tabbatar ɗin ya dogara ne kacokan a kan awo, abin da har yanzu ya yi ƙaranci a wannan ciniki.

Yadda Zafi Ke Cin Jari

Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta ya kai digiri 41 zuwa 42, kuma ta fi sakewa idan zafin ɗakinta na tsakanin digiri 18 da 24. Da zarar ya haura 30, sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta ƙaurace wa abinci ta koma ga ruwa. Yawan haki yana sa ta fitar da iskar kabon fiye da kima, alhali daga wannan iska da sinadarin kalsiyam jikinta ke gina ɓawon ƙwai. Shi ya sa ƙwan bazara ke saurin fashewa a hanya tun kafin ya isa hannun mai shayi.

Masu lissafin tattalin arziki sun daɗe da sanin girman wannan hasara. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2003 ya ƙiyasta cewa zafi na jawo wa masu kiwon dabbobi na ƙasar hasarar dala biliyan 1.7 zuwa biliyan 2.4 a shekara, duk da cewa ƙasa ce mai wadatar lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki.

Ana iya kwatanta lissafin da gonar da ba ta wuce kaji 1,000 masu ƙwai ba. Kowace kaza na cin kimanin giram 115 a rana, wato kilo 115 ke nan, fiye da buhu huɗu da rabi masu nauyin kilo 25. A ɗauka cewa zafi ya sa yawan ƙwai ya sauko daga 800 zuwa 700 a rana. Ƙwai 100 ke nan suka salwanta kullum, kuma cikin kwanaki 90 na bazara an rasa 9,000, wato kiret 300. Albashin ma'aikata, kuɗin haya da bashin banki kuwa ba su san an shiga bazara ba.

Lamarin kajin nama ya fi haka ciwo. Zafi ya fi kashe manyan da suka yi nauyi, waɗanda suka kai mako biyar ko shida, bayan kowace ta lashe abinci wajen kilo huɗu. Da yake abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, kazar da ta mutu ana saura mako guda a kai ta kasuwa ta tafi da kusan dukkan jarin da aka zuba mata.

Abin da Ke Cikin Ganye

Tsiro ba ya iya gudu daga rana, fari ko ƙwari. Saboda haka yana haɗa wasu sinadarai na kare kai, waɗanda su ne ke ba shi ɗaci, bauri, yaji ko launi. Jan launin zoɓo, ruwan ɗorawar kurkum, yajin citta da baurin bagaruwa duk daga irin waɗannan sinadarai suke. Babban rukuninsu shi ne wanda masana ke kira folifenol, kuma a cikinsa akwai kwasetin, wanda ya fi yawa a busasshen ɓawon albasa, da rezberatirol, wanda ake samu a fatar inabi da kuma, ɗan kaɗan, a cikin gyaɗa.

Idan jikin dabba ya sha zafi, ko yunwa, ko doguwar tafiya, ƙwayoyin halittarsa sukan tara wasu guntattakin sinadarai masu lahani, masu yi wa jiki irin abin da tsatsa ke yi wa ƙarfe. A da an ɗauka cewa sinadaran tsirrai suna share wannan tsatsa ne kai tsaye. Daga baya aka gano cewa abin da hanji ke iya tsotsa daga cikinsu ya yi ƙaranci ƙwarai da zai iya yin wannan aiki shi kaɗai. Bayanin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne, jiki yana ɗaukarsu a matsayin 'yar ƙaramar guba, sai ya farka ya ƙara samar da nasa makaman kariya. Idan babban zafi ya zo daga baya, sai ya tarar da jikin a shirye.

Wannan bayani yana ɗauke da gargaɗi a cikinsa. Abin da ke amfani domin shi ƙaramar guba ne, to lalle zai yi lahani idan ya yi yawa. Makiyaya sun san haka tun kafin zuwan ɗakunan bincike. Sun san cewa ganyen samberu na kashe dabba, kuma gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana iya kayar da saniya cikin ɗan lokaci saboda gubar sayanayid da ke fita daga cikinsa.

Daga Tsutsa Zuwa Ƙudan Zuma

Mafi yawan labaran da ake yaɗawa game da tsirrai masu ƙara tsawon rai sun samo asali ne daga wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ta cikin ƙasa da masana ke kira C. elegans. Tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, kuma rayuwarta mako biyu zuwa uku ce kawai. Wannan ne ya sa ta zama mai araha ga masu bincike, domin cikin wata guda ana iya ganin haihuwa da mutuwar dubbai daga cikinsu. A 1993 wata masaniya a Amurka, Cynthia Kenyon, ta nuna cewa sauya ƙwayar gado guda ɗaya tak yana ninka tsawon ran tsutsar. Daga nan aka shiga neman abincin da zai taɓa wannan hanya ba tare da an sauya ƙwayar gado ba.

A 2003 wasu masana, ciki har da David Sinclair na Jami'ar Harbad, suka bayar da rahoto a mujallar Nature cewa rezberatirol ya ƙara tsawon ran ƙwayoyin yis da kusan kashi 70 cikin 100. A 2004 aka bayar da rahoton ƙarin kwana a tsutsa da ƙudan 'ya'yan itace. A 2006 masana a Italiya suka ga irin wannan sakamako a wani ƙaramin kifi na tafkunan damina na kudancin Afirka, wanda rayuwarsa 'yan watanni ce. A dai wannan shekara wani gwaji a Amurka ya nuna cewa sinadaran 'ya'yan itacen buluberi sun ƙara wa tsutsar kwana, sun kuma sa ta fi jure matsanancin zafi. Shi ma kwasetin na albasa an same shi da ɗan irin wannan tasiri. A 2020 kuma masana na Jami'ar Halle da ke Jamus suka buga sakamakon da ya nuna cewa ruwan da aka tace daga zoɓo ya tsawaita ran tsutsar, ta hanyar tayar da ƙwayoyin gadon da ke kula da juriya.

Har ila yau, masu nazarin ƙudan zuma a Jami'ar Ilinoi sun gano a 2013 cewa wani sinadari da ke cikin garin fure da zuma yana tayar da hanyoyin da ƙudan ke bi wajen kawar da guba daga jikinsa. Gwajin da ya biyo baya a 2017 ya nuna cewa ƙudan da aka ba wannan sinadari ko kwasetin ya fi jure wasu magungunan feshi. Wannan darasi ne ga masu amya da ke ciyar da ƙudansu da ruwan sukari zalla a lokacin rani, domin sukari ba ya ɗauke da waɗannan sinadarai.

To, sai dai akwai wani tarnaƙi. Tun 1935 Clive McCay na Jami'ar Konel ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa a duniya. Tsutsar gwaji kuwa ƙwayoyin bakteriya take ci. Idan ruwan ganye ya kashe mata abinci, ko ɗacinsa ya hana ta ci, za ta iya yin tsawon rai saboda yunwa kurum. Ga mai bincike wannan abin sha'awa ne, amma ga mai kiwon kajin nama ko mai turke rago domin Babbar Salla, duk abin da zai rage wa dabba cin abinci hasara ce tsantsa.

Darasin Dala Miliyan 720

Babu inda wannan batu ya fi zama izina kamar a kasuwar magunguna. A 2006 aka buga wani gwaji da ya nuna cewa ɓerayen da aka cika wa abinci mai maiƙo sun fi tsira idan an haɗa musu da rezberatirol. Labarin ya karaɗe duniya, kuma masu zuba jari suka yi ca. A 2008 katafaren kamfanin magunguna na Birtaniya, GlaxoSmithKline, ya sayi kamfanin Sirtris, wanda aka kafa a kan wannan bincike, a kan dala miliyan 720. A 2010 aka dakatar da gwajin maganin rezberatirol na kamfanin a kan masu wani nau'in ciwon daji bayan da aka ga matsalar ƙoda a wasunsu. A 2013 aka rufe ofishin Sirtris.

A ɗaya ɓangaren, Cibiyar Nazarin Tsufa ta Amurka ta ɓullo da wani tsari mai tsauri na tantance irin waɗannan iƙirari. Kowane sinadari ana gwada shi a wurare uku daban a lokaci guda, a kan ɗaruruwan ɓeraye maza da mata masu mabambantan asali, har sai sun mutu don kansu. Sakamakon da aka buga a 2011 da 2013 ya nuna cewa rezberatirol bai ƙara wa ɓeraye masu cin abinci na yau da kullum kwana ba. Haka ma sinadarin kurkum da na koren shayi ba su nuna wani ƙari da za a dogara da shi ba. Akwai wasu sinadaran tsirrai ƙalilan da suka nuna ɗan ƙari, amma a ɓeraye maza kaɗai. Maganin da ya fi yin fice a wannan tsari, wato rafamaisin, wanda a 2009 aka ga ya ƙara kashi 14 cikin 100 ga mata da kashi 9 ga maza, daga bakteriyar ƙasa aka samo shi.

Abin lura a nan shi ne, tasirin yakan ragu yayin da ake hawa daga ƙananan halittu zuwa manya, kuma ya fi fitowa fili a dabbar da ke cikin wahala fiye da wadda ke cikin ƙoshin lafiya. Idan kamfanin da ke da ɗaruruwan masana ya yi cinikin biri a sama, to mai kaji 200 a bayan gida ya fi cancanta ya yi hattara da duk wani ƙullin gari da aka ce masa yana maganin kome.

Abin da Mai Kiwo Ke Nema

A haƙiƙa, tsawon rai ba ya cikin lissafin mai kiwo. Kazar nama ana sayar da ita a mako shida zuwa takwas. Kazar ƙwai tana fara yi a wajen mako 18 zuwa 20, kuma galibi akan sallama ta ga mahauta bayan ta yi shekara guda ko fiye da haka kaɗan tana ƙwai. Abin da ke kawo kuɗi shi ne dabba ta tsallake lokacin wahala ba tare da ta mutu, ta rame ko ta daina ƙwai ba. A nan ne hujjojin masana suka fi ƙarfi.

A Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, masu bincike sun shafe shekaru suna gwada tasirin bitamin C a kan kaji da jajayen awakin Sakkwato da aka yi safararsu a mota cikin bazara. Rahotanninsu sun nuna cewa dabbobin da aka ba bitamin ɗin kafin tafiya sun fi nuna ƙarancin alamun galabaita. Wannan ya shafi Bauchi kai tsaye, domin 'yan tsaki da yawa daga Ibadan da Jos ake kawo su, dabbobi kuma daga kasuwanni irin na Mararrabar Liman Katagum da Soro ake loda su zuwa Kudu. Kaza tana iya haɗa bitamin C a jikinta, amma a lokacin tsananin zafi abin da take haɗawa ba ya wadatarwa. Garin ƙwallon kuka kuwa yana cikin abincin da suka fi wadatar wannan bitamin, ya ninka lemon zaƙi sau da dama.

A Turkiyya, gwaje-gwajen da aka yi a kan salwa sun nuna cewa jan sinadarin tumatir da wasu sinadaran tsirrai sun rage illar zafi a kan cin abinci da girma. Game da zogale, wanda busasshen ganyensa ke ɗauke da furotin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, gwaje-gwaje da dama a Nijeriya da wasu ƙasashe sun nuna cewa ɗan kaɗan a cikin abinci yana ƙara wa gwaiduwa launi, kuma ba ya hana girma. Idan aka yawaita shi, musamman ga kajin nama, sai cin abinci da nauyi su ragu. Ga tumaki da awaki kuma, an ga cewa sinadarin tanin, irin wanda majema ke nema a bagaruwa, yana rage tsutsar ciki idan ya zo daidai kima, amma idan ya zarce sai ya ɗaure furotin ya hana jiki amfana da shi.

Ya kamata a san cewa akasarin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, na 'yan makonni, a kan kaji ƙalilan, kuma sakamakonsu ba ya zama bai ɗaya. Haka nan babu ganyen da ya maye gurbin allurar rigakafi. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin karkara a lokacin hunturu, maganinta shi ne rigakafin da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ke sarrafawa. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006, ba ta jin citta ko tafarnuwa.

Mudu da Sikeli

A komo ga gonar nan mai kaji 1,000. Idan mai ita ya yanke shawarar sanya garin zogale kashi 2 cikin 100 na abinci, zai buƙaci kilo 2.3 a rana, wato kilo 207 cikin kwanaki 90. Da yake ɗanyen ganye akasarinsa ruwa ne, wannan na nufin kusan tan guda na ɗanyen zogale. Kafin ya saye, wajibi ne ya kwatanta kuɗin kilo 207 da kuɗin ƙwan da yake sa ran cetowa, yana sane da cewa babu gwajin da ya nuna za a ceto kiret 300 ɗin baki ɗaya. Wajibi ne kuma ya kwatanta da abin da waɗannan kuɗi za su yi masa idan ya kashe su wajen ɗaga rufin ɗaki, shimfiɗa ciyawa a kan kwano, rage cunkoso, dasa itatuwan inuwa, samar da ruwa mai sanyi da mayar da lokacin ciyarwa zuwa asuba da maraice. Waɗannan matakai amfaninsu tabbatacce ne, kuma wasunsu sau ɗaya ake biyansu.

Matsala ta biyu ita ce ta ma'auni. A kasuwa ana sayar da zogale, zoɓo da kuka ne da mudu, da tiya ko da ƙulli, alhali gwajin masana da giram ake yin sa. Ƙarfin sinadarin da ke cikin ganye yana sauyawa gwargwadon irin shukar, ƙasar da ta tsiro, lokacin da aka tsinke ta da yadda aka shanya ta. Ganyen da aka baza a rana tsaka yakan rasa wani ɓangare na bitamin ɗinsa. Saboda haka mudu biyu masu kama ɗaya a ido suna iya bambanta nesa ba kusa ba a ciki.

Matsala ta uku ita ce ta tsabta. Garin da bai bushe sosai ba yakan yi hunhuna, kuma wasu nau'o'in hunhuna suna fitar da gubar afalatoksin. An fara gano wannan guba ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil. Tana lalata hanta, tana raunana garkuwar jiki, tana kuma iya bi ta madara ta isa ga mutane. Ita ma angurya, wadda ake ba shanu ba tare da wata fargaba ba, tana ɗauke da sinadarin gosifol wanda ke cutar da kaji, yana kuma ɓata launin gwaiduwa.

Inda Kasuwa Ta Dosa

Duk da waɗannan matsaloli, akwai kasuwa ta gaske a gaba. Daga ranar 1 ga Janairu, 2006, Tarayyar Turai ta haramta sanya magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi domin gaggauta girma, saboda fargabar ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Wannan mataki ya buɗe wa kamfanoni ƙofar sarrafa ƙarin abinci daga tsirrai, kuma suna sayar da shi da takarda mai nuna adadin sinadarin da ke cikin kowane kilo. A 2008 Tarayyar ta amince da shigar da garin ƙwallon kuka a matsayin abinci. Nijeriya na fitar da zoɓo mai yawa zuwa Meziko, musamman daga Jigawa da Kano, da citta daga kudancin Kaduna, amma galibi ɗanye take fitar da su, ribar sarrafawa ta tafi wa wasu.

Akwai kuma haɗarin gogayya da tukunyar gida. Zogale, kuka da zoɓo abincin talaka ne, kuma idan gidajen gona suka shiga sayensu da tan, farashinsu zai tashi ga mai kwaɗo da mai miya. Annobar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, wadda ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo, ta nuna haɗarin gina tsarin ciyar da dabbobi a kan kayan da farashinsu ke iya ninkawa cikin damina guda. Don haka hanya mafi sauƙi ita ce a waiwayi abin da ake zubarwa. Ɓawon albasa, tumatirin da ya fashe, ɓawon lemo da tukar zoɓo suna taruwa kullum a Kasuwar Muda Lawal, har ana biyan kuɗi a kwashe su. Idan an tsince, an busar a inuwa, an niƙa, an kuma auna, suna iya zama ƙaramar masana'anta ga matasa da ƙungiyoyin mata.

Cibiyoyin da za su yi wannan aiki suna nan. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana cikin garin Bauchi da sashenta na kiwon dabbobi. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa tana Shika kusa da Zariya, ta Vom kuma, wadda ke can tun 1924, tana maƙwabciyar Jihar Filato. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar magungunan dabbobi da na gargajiya, sa'an nan a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne manyan gwaje-gwaje a gonakin masu kiwo na ainihi, a cikin bazarar Arewa, tare da lissafin naira da kwabo, a kuma bayyana sakamakon da Hausa ta gidajen rediyo da malaman gona, ko da kuwa sakamakon ya nuna cewa wani ganye ba ya amfana kome.

Kafin a kai ga haka, mai kiwo na iya yin nasa gwajin da abin da bai fi ƙarfinsa ba. Ya raba kajinsa masu shekaru ɗaya gida biyu a ɗaki iri ɗaya, ya ba rukuni guda garin da ya auna a sikeli, ya bar ɗayan a kan abincin da ya saba. Ya riƙa rubuta abincin da aka ci, ƙwan da aka tsinta da kajin da suka mutu a kowace rana har bazara ta wuce, sa'an nan ya cire kuɗin garin daga bambancin da ya gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da littafin lissafi ya nuna a ƙarshen watan Mayu shi zai faɗa masa ko ya sake saye a baɗi.